Tambayoyinku: "Na riƙe 'ya'yansa, ya riƙe nawa, yau ana maganar gado"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Na daɗe ina karanta filin nan naki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba.

Bana shekarata 31 a gidan mijina. Lokacin da ya aure ni ina da yara biyu, namiji da mace, mahaifinsu ya rasu a hatsarin mota. Shi kuma matarsa ta rasu ta bar masa uku, mata biyu da namiji, ƙaramin ko shekara 3 bai cika ba. Daga baya Allah ya ba mu biyu tare, suka zama bakwai. Tun ranar da na shiga gidan ban yarda a ce "naki" ko "nasa" ba. Hoton marigayiyar ban taɓa sauke shi ba, kuma ni nake shirya yaran in kai su wurin kakanninsu na wajen uwa.

Abu biyu ne suka hana ni barci. Na farko, babbar 'yarsa da na riƙe tun tana shekara 9 ta haifi mace, aka ba ta zaɓin suna, ta sa sunan mahaifiyarta. Na ji daɗi. Ƙanwarta ta haihu, ita ma haka. Bara kuma ƙaramin, wanda a bayana ya girma, wanda bai san fuskarta ba sai a hoto, shi ma sunanta ya sa. Jikoki uku, suna ɗaya. Na yi murmushi a gaban mutane, na shiga ɗaki na yi kuka.

Na biyu, maigidan ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, Allah ya ba shi sauƙi, sai ya tara mu ya ce yana so ya gyara lamuransa. Malamin da aka kira ya ce ɗana da 'yata ba su da gado a dukiyarsa. Alhali ɗan nan nawa shekara 16 yana tsaye a kan kasuwancin gidan ba albashi, sai abin da aka miƙa masa. Kuma gadonsu na mahaifinsu ni da kaina na damƙa wa maigidan ya zuba a kasuwancin, ba mu rubuta komai ba. Kwanan nan ɗaya daga cikin ƙannensa ya ce masa "kayan babanmu", tun daga nan yaron ya yi sanyi, ko cikin gida ya rage shigowa. Hajiya, wahalar banza na yi ke nan? Me zan yi?

Daga Uwar Bakwai

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya saka miki da alheri.

Da na biyun zan fara, don shi ne mai wa'adi. Maganar suna za ta iya jiran shekara, amma mutumin da irin wannan ciwo ya taɓa, ba a ɗaga zaman rubuta takardarsa zuwa wani wata.

Malamin bai yi kuskure ba. Agola ba ya gadon mijin uwarsa, ko da a hannunsa aka yanke masa cibiya. Ba kuma a shari'ar Musulunci kaɗai ba: a Ingila ma, wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, ɗan matarsa ba ya cikin magadansa sai in ya mai da shi ɗansa a gaban kotu. Sai dai malami abin da aka tambaye shi yake amsawa. An tambaye shi wa zai ci gado, ya faɗa. Ba a tambaye shi me ake cirewa kafin a zo kan gadon ba, kuma a nan haƙƙin ɗanki yake.

Ki buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, inda aka yanka wa kowa rabonsa. Sau 4 aka maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Kuɗin marayun da kika miƙa wa maigidan ba dukiyarsa ba ce. Amana ce a hannunsa, kuma ko da za ta cinye duk abin da ya bari, sai an fitar da ita kafin wani magaji ya taɓa ko allura. Abin da ya rage a tantance shi ne, da wace fuska kika ba shi? In rance ne, abin da aka ba shi zai mayar. In kuwa jari ne ya juya, to akwai maganar riba, kuma riba ta shekara talatin ba abin da za a share da "ai mun ci tare" ba ne. Ku biyu kaɗai kuka san yadda kuka yi. Shi ya sa nake gaggauta ki: yau shaidu biyu ne a raye, ke da shi. Ranar da ya zama saura ke kaɗai, maganarki za ta zama maganar uwa mai nema wa ɗanta, kuma ba wanda zai karɓe ta cikin daɗin rai. Kada kuma a manta da 'yarki. Kin fi ambaton namijin don shi ne ya yi sanyi, amma ita ma tana da kaso a kuɗin nan.

Sai guminsa na shekara 16. Wannan ma ba alfarma ba ce. Ko dai ma'aikaci ne da ba a biya shi ba, ko abokin tarayya ne da ba a yanka masa kaso ba. Maigidan ya zaɓi ɗaya, ya faɗa da bakinsa, a ƙiyasta, a rubuta. Bayan waɗannan haƙƙoƙi, in yana so ya ƙara masa don soyayya, ƙofa biyu ce a buɗe. Akwai kyauta, amma sharaɗinta a mazhabar Malikiyya shi ne wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai kyautar yana da rai da lafiya. "Na ba shi fili" a baki, takarda tana cikin akwatin mai bayarwa har ya rasu, wannan kyautar ta koma cikin gado. In kuma aka bari sai ciwon ajali ya kwantar da mutum, kyautar hukuncin wasiyya take ɗauka. Ƙofa ta biyu ita ce wasiyyar kanta. Ba a yi wa magaji wasiyya, amma ɗanki ba magaji ba ne, don haka ta halatta a gare shi, iyakarta kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya bayar da fiye da haka. Kin ga rashin gadon da ya sa ki kuka shi ne ya buɗe masa wannan ƙofar.

Kuma hukuncin ba ɓangare ɗaya yake yanka ba. Ke kina da tumuni, ɗaya cikin takwas, a dukiyar maigidan. Ranar da taki ta zo, a cikin yaran huɗun da kika haifa ne za su gaje ki, ukun da kika goya ba su da ko ɗan kunne. In akwai abin da kike so ya shiga hannunsu, ke ma ki rubuta taki wasiyyar. Ina ma ba ki shawara a yi su rana ɗaya, a zama ɗaya, yaran su ji da kunnensu cewa uban ya tuna da naki, ke kin tuna da nasa.

Zaman nan kada a yi shi a ɓoye. A kira duka bakwai ɗin, da shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, da malami masanin gado, in da hali da lauya, kowa ya tafi da kwafinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka kada wani ya ce miki rubutu rashin yarda ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mafi muhimmanci, maigidan ne zai yi magana, ba ke ba. Shi zai dubi wanda ya ce "kayan babanmu" ya gaya masa cewa da kuɗin marayu aka ɗaga kasuwancin nan, kuma yayansa ne ya riƙe shi lokacin da shi yake makaranta. Ke kika faɗa, kishi ne. Uba ya faɗa, tarihi ne. Ban ma cika ganin laifin yaron ba, domin abin da ba a taɓa gaya masa ba, ina zai san shi?

Nan ne zan ɗan taɓa ki, ki yi haƙuri. Kin ce ba ki taɓa yarda a ce "naki" ko "nasa" ba. Na san da kyakkyawar zuciya kika yi, kuma wajen tarbiyya da sutura da kuɗin makaranta daidai kika yi. Amma wannan dokar ce ta hana ku rubuta kuɗin marayu, don kada ya zama kamar ana rarrabewa. Ita ce ta hana a yanka wa ɗanki albashi, don ai ɗa ba ya karɓar albashi a wurin ubansa. Yaran kuwa ba su taɓa mantawa ba. Kowannensu ya san sunan da ke bayan nasa a takardar makaranta. Alƙur'ani ma, a Suratul Ahzab aya ta 5, cewa ya yi a kira su da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci. Gida irin namu ba ya buƙatar a yi kamar ciki ɗaya ne. Yana buƙatar kowa ya san matsayinsa, kuma ya tabbata ba za a cuce shi saboda matsayin ba.

Na ce gida irin namu don ni ma a irinsa na tsufa. Na tarar da yara a gidan da na shiga, na kuma zo da nawa. Bambancina da ke, uwarsu tana raye, aure ne ya mutu. Babban namijin in ya je hutu wurinta ya dawo, sai ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata da ka. Ba don ta zuga shi ba, matar ba ta da wannan halin. Sai da ya zama magidanci ya gaya mini cewa duk ranar da ya yi dariya da ni, ji yake kamar ya ci amanarta. Yaro ɗan shekara goma yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ba wanda ya sani. Ranar da ya kammala karatu aka zo ɗaukar hoton iyaye, uwarsa ya kira, ni ina tsaye riƙe da jakar ƙanwarsa. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma yanzu in zazzaɓi ya kama ɗansa da tsakar dare, wayata ce take ƙara.

Saboda haka kukanki na gane shi, kuma ba zan ce miki ba ki da hujja ba. Uku duka, a ce ko ɗaya bai waiwaye ki ba, akwai rashin lura a ciki, musamman ƙaramin. Sai dai ki duba ta wannan gefen. Matar nan ba ta ga girmansu ba, ba ta ga aurensu ba, ba za ta taɓa ɗaukar jikokin nan ba. Suna kaɗai ya rage da za su iya ba ta. Ke kuwa suna ganinki kullum, kuma mutum ba ya tunanin ajiye abin tunawa da wanda yake zaune a gabansa. Sannan ki tambayi kanki: yaron da bai kai shekara 3 ba uwarsa ta rasu, wa ya koya masa ƙaunarta? Wa ya bar hoton a bango? Wa ya riƙa kai shi wurin iyayenta? Na san gidajen da aka ƙona hotuna, aka toshe hanyar dangin uwa, yara suka girma suna jin kunyar ambaton sunanta. Naki sun girma suna alfahari da ita, kuma ba sa jin tsoron yin hakan a gabanki. Wannan aikinki ne, ko da ba a sa masa sunanki ba.

Akwai labarin da nake yawan tunawa. Asma'u 'yar Umais ta auri Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ta haifa masa yara, ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira. Ta auri Sayyidina Abubakar ta haifi Muhammadu, Abubakar ma ya rasu a shekara ta 13 yaron yana ƙarami. Sannan Sayyidina Ali ya aure ta, ya riƙe yaran. Masu tarihi sun ruwaito cewa wata rana ɗan Ja'afar da ɗan Abubakar suka yi gardama, kowa yana cewa ubansa ya fi. Ali ya ce wa uwar ta raba su. Ta ce ba ta ga saurayi kamar Ja'afar ba, ba ta kuma ga dattijo kamar Abubakar ba. Ali ya ce, to ba ki rage mana komai ba. Mutumin da yake ciyar da su, a cikin gidansa ake yabon waɗanda suka riga shi, ya mayar da abin raha. Ban san wani darasi da ya fi wannan ga mai riƙon ɗan wani ba. Gasa da mamaci ba a cinta, domin shi ya daina laifi, ke kuwa kullum kina cikin hana wannan da tsawatar wa wancan.

Kada ki roƙi suna, kada ki aika wani ya roƙar miki. Sunan da aka sa don an ji kunya, duk kiran da aka yi wa yarinyar sai ya tuna miki yadda aka samo shi. Amma ki gaya wa mijinki kin yi kuka. Wasiƙarki ta nuna mini ba ki gaya masa ba, kuma wannan ya fi damuna da sunan. Shekara 31 kina rufa masa ciwonki don kada a ce matar uba ta fara ƙorafi. Mu masu irin wannan aure, yawancin saɓaninmu ba a kan kuɗi ko dangi yake ba, a kan yara ne. Ɗansa ya yi laifi, a wurinsa ƙuruciya ce. Naki ya yi irinsa, ya zama hali. Ke ma in kika juya haka kike gani, mai ɗa wawa ne ko mace ko namiji. Ni da nawa maigidan abin da ya riƙe mu shi ne ba ma yanke wa yaro hukunci a tsaye. Mu shiga ɗaki mu yi ta jayayya, wani lokaci har a kwana ba a shirya ba, amma in mun fito bakinmu ɗaya. Yanzu da gidan ya zama sai mu biyu, in muka zauna tuna baya, shi yana tuna shekarun farko a matsayin lokacin daɗi, yara cike da tsakar gida. Ni kuwa gajiya nake tunawa da ido biyu da dare. Gida ɗaya muka zauna, kowa da abin da ya gani, kuma sai da na buɗe baki ya san nawa. Naki ma mai yiwuwa bai taɓa lura cewa sunan ya zama uku ba. Maza da yawa ba sa ƙirga irin wannan.

Game da ko wahalar banza kika yi, mutumin da ya tashi daga jinya ya fara tunanin gyara lamuransa, ya kuma zaunar da naki biyun a cikin taron, ba mutumin da ya ɗauke su bare ba ne. Ki je ki same shi a makon nan, ki fara da kuɗin marayun.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Shekara 2 ke nan da na auri wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yaro, yanzu shekararsa 13. Ni nake ci da shi, nake biyan makarantarsa. Rannan ya dawo gida bayan isha'i, na yi masa faɗa, ya dube ni ya ce "kai ba ubana ba ne." Na ɗaga hannu, uwar ta shiga tsakani. Tun daga nan ni da ita sai gaisuwa. Ashe ba ni da ikon hukunta yaron da ke cin abincina?

Daga wani magidanci

AMSA

Malam, Allah ya saka maka da riƙon maraya. Amma yaron gaskiya ya faɗa, ko da ya faɗe ta da rashin kunya, kuma amsarta ba mari ba ce. Amsarta ita ce: "Haka ne, ni ba mahaifinka ba ne, Allah ya ji ƙansa. Amma gidan nan ana rufe ƙofarsa da isha'i, kuma dokar ta hau kan kowa." Ka ga ka karɓe makamin daga hannunsa, dokar kuma tana nan.

Ciyarwa tana ba ka lada da girma, ba ta sayo maka ikon duka. Wannan ikon, in ma ana buƙatarsa, sai yaro ya yarda kana sonsa yake zama tarbiyya. Kafin nan zalunci kawai yake gani, kuma uwar za ta shiga tsakani ko da ta san shi ne da laifi, domin a idonta marayan da ba shi da kowa sai ita ne ake ɗaga wa hannu.

Shekara 2 kuma ba komai ba ce. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mavis Hetherington, ta bi diddigin iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru kusan 30. Ta gano cewa gidan da aka haɗa yara yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ya daidaita, kuma yaran da suka fi wahalar karɓar sabon uba ko sabuwar uwa su ne masu shiga balaga. Naka yana da 11 ka shigo rayuwarsa, daidai lokacin da ko uban da ya haife shi sai ya sha fama. Abin da masu irin wannan bincike suka fi ba da shawara shi ne a shekarun farko uwar ta riƙe hukunci, kai ka tsaya mata a baya. Ku tsara dokokin tare a ɗaki, ita ta sanar, ita ta hukunta. Kai kuma ka nemi wani abu da zai zama naku ku biyu: ka tafi da shi wurin aikinka ranar da ba makaranta, ka koya masa gyaran wani abu, ka tambaye shi labarin mahaifinsa ka saurara har ƙarshe.

Manzon Allah ya auri Ummu Salama a shekara ta 4 bayan hijira tana da marayu. Ɗanta Umar ya ba da labarin yadda hannunsa yake yawo a cikin kwano, sai Manzon Allah ya ce masa: ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Umar ya ce tun daga ranar haka cinsa ya kasance. An gyara masa, ba a kunyata shi ba, kuma ba a tuna masa wa ya kawo abincin ba. Wannan kalmar ta "cin abincina", Malam, ka cire ta daga bakinka. In ta taɓa shiga kunnen yaron, zai haddace ta har ya yi furfura.

Matarka kuma kai za ka fara zuwa wurinta. Ba sai ka ce yaron ya yi daidai ba. Ka ce mata hannunka ba zai ƙara tashi a kansa ba, ita kuma ta ɗauki nauyin sa shi ya ba ka haƙuri a kan kalmar da ya faɗa.

TAMBAYA

Mama ina wuni. Mahaifiyata ta auri wani mutum tun ina 'yar ƙarama, a gidansa na girma tare da 'ya'yansa. Yanzu ni da ɗansa na biyu muna son juna, muna so mu yi aure. Wasu sun ce haramun ne tunda wa da ƙanwa muke. Mene ne gaskiya?

Daga 'yarki mai neman mafita

AMSA

Lafiya lau 'yata. Zama gida ɗaya ba ya haramta aure. Wanda kika haramta a gare shi har abada shi ne mijin mahaifiyarki, kamar yadda ya zo a Nisa'i aya ta 23. Ɗansa da wata matar ta haifa ba ku haɗa uwa ba, ba ku haɗa uba ba, asali aure ya halatta tsakaninku.

Abin da zai iya rushe wannan shi ne shayarwa, kuma ba ki faɗi shekarunki lokacin auren ba. In mahaifiyarki ta taɓa shayar da shi yana ƙasa da shekara 2, ko mahaifiyarsa ta shayar da ke, kun zama 'yan uwa. A Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa ciki ya wadatar, Shafi'iyya ne suke cewa sai sau 5. Akwai kuma wadda mutane ba su cika sani ba: in mahaifiyarki ta tare a gidansa tana kan shayar da ke, ba ki kai yaye ba, malaman Malikiyya suna jingina nonon ga sabon mijin tare da na farko, sai ki zama 'yarsa ta shayarwa, 'ya'yansa duka su zama 'yan uwanki.

In an tsallake wannan, saura lissafin da ba na malamai ba. Duk saɓanin da za ku yi, a ɗakin iyayenku zai kwana, uwarki tana bayanki, ubansa yana bayansa. In aurenku ya mutu, zai iya jan nasu, kuma ƙannenku da suka haɗa jini da ku duka biyu su ne za su rasa inda za su tsaya. Na ga inda irin auren nan ya yi albarka, na ga inda ya raba gida biyu.

Kafin maganar ta fita, ki zauna da mahaifiyarki ku biyu, ki tambaye ta watanninki nawa ranar da ta tare, da kuma ko akwai wadda ta taɓa shayar da ɗayanku. Abin da ta gaya miki, shi za ku ɗauka ku kai wa malami, ku faɗa masa yadda yake ba ragi.